Yadda Ake Zaɓar Wurin Zama Bayan Ritaya: Birni, Mahaifa ko Ƙasar Waje

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya san lokacin da zai ajiye aiki tun ranar da ya kama shi, domin ƙa'ida ta ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika. Dokar 2022 ta ɗaga wa malaman firamare da sakandare zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki a wuraren da aka aiwatar da ita, farfesoshin jami'a kuma suna kaiwa 70. Duk da wannan sani, da yawa sai takardar sallama ta iso, an ba su wa'adin tashi daga gidan gwamnati, sannan suke fara tambayar inda za su dosa da iyali da kaya. Kamata ya yi a fara wannan tunani tun saura shekara biyar, kuma a auna kowane wuri da ma'auni guda: shin zai riƙe ka lokacin da ka kai shekara 75, ido ya rage gani, gwiwa ta ƙi hawan bene, tuƙin mota ya gagara? Ɗan shekara 60 mai sauran ƙarfi yana iya zama ko'ina, don haka bai kamata sha'awarsa ta yanke hukunci ita kaɗai ba.

Mataki na farko: ka san abin da zai riƙa shigo maka

Kafin a ambaci sunan gari, a ɗauki takarda da biro. Idan kana cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda dokar 2004 ta kafa kuma dokar 2014 ta sabunta, inda mai aiki ke zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba aƙalla kashi 10, to ka je ofishin kamfanin da ke riƙe da asusunka, ka nemi a buga maka abin da ya taru, ka kuma nemi ƙiyasin abin da za a ba ka a dunƙule da abin da zai riƙa zuwa wata-wata. Akwai hanya biyu na karɓar na wata-wata. Ko dai kuɗin su zauna a asusunka ana gutsura maka, abin da ya rage bayan ranka ya zama gadon iyalinka, ko kuma a miƙa su ga kamfanin inshora ya ɗauki nauyin biyan ka har ƙarshen rayuwa. Wanda ya fara da ta farko yana iya komawa ta biyu, amma wanda ya shiga ta biyu ba ya dawowa, don haka ba abin sa hannu cikin gaggawa ba ne.

A wannan ziyarar ce kuma za ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka sun zo ɗaya a takardar kama aiki, da katin ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin Muhammad da Mohammed yana iya tsayar da biyan mutum watanni. Ma'aikatan jihohi su bincika nasu tsarin, domin ba kowace jiha ce ke bin tsarin da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ke sa ido a kansa ba. Kano da Jigawa, alal misali, suna da nasu asusun. A Nijar kuwa, ma'aikacin kamfani zai nufi CNSS, na gwamnati ya nufi CARENI, wato hukumomin da ke biyan fansho a can.

Idan adadin ya fito, ka haɗa shi da kuɗin haya idan kana da gida ko shago, da abin da gona ke bayarwa a shekarar da ba ta yi kyau ba. Kada ka sa abin da 'ya'ya ke aikowa a cikin wannan lissafi, ko da ba su taɓa fashi ba, domin su ma suna da nasu nauyin da ke ƙaruwa kullum. Kada kuma ka sa giratutin da ba ta shigo hannu ba. 'Yan fansho da yawa sun yi shekaru suna jiran tasu. Abin da ya rage shi ne ainihin ƙarfinka, kuma shi ne zai fitar da wasu garuruwa daga jerin tun kafin ka ɓata lokaci a kansu.

Mataki na biyu: asibiti

Ka je a yi maka cikakken gwaji, kai da mai ɗakinka, kafin ka bar aiki, tun inshorar ofis tana aiki: hawan jini, ciwon suga, ƙoda, ido, zuciya. Sakamakon zai gaya maka nisan da za ka iya yi da babban asibiti. Mai hawan jini da ke shan magani kullum yana iya zama a ƙaramin gari muddin akwai kantin magani na gaskiya da likitan da zai riƙa duba shi. Wanda ƙodarsa ta fara rauni, har ana hasashen zai buƙaci wanki sau biyu ko uku a mako, ba shi da zaɓi mai faɗi: sai kusa da irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko takwarorinsu na Jos, Bauchi, Gombe, Katsina da Maiduguri.

Nisan da taswira ke nunawa ba shi ne nisa ba. Ka tashi daga ƙofar gidan da kake son zama, a cikin watan Agusta, bayan an sha ruwa, ka tuƙa zuwa asibitin kana duba agogo. Sannan ka tambayi mutanen unguwar ko ana bin hanyar da ƙarfe biyun dare, domin a wasu yankunan Zamfara, Katsina, Sakkwato da Birnin Gwari, hanyar da ake bi da rana ba mai kusantar ta bayan magariba, kuma shanyewar ɓarin jiki ba ta jiran gari ya waye. Ka binciki inshorar lafiya ma. Ta ofis tana yankewa da barin aiki, amma hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, tana da shirin GIFSHIP da ɗan fansho zai iya biya ya shiga, jihohi irin Kano da Kaduna kuma suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. A tambaya a ji wane asibiti ne a garin ke karɓar katin.

Mataki na uku: shawara da iyali

Wannan mataki gajere ne a rubuce, amma a nan gidaje da yawa suke samun ɓaraka. Matar da ta yi shekara talatin a Kaduna, tana da islamiyyarta da adashinta da maƙwabtan da suka zame mata 'yan uwa, ba za a sanar da ita komawa ƙauyen miji kamar sanarwar canjin wurin aiki ba. A zauna da ita, ko da su idan sun fi ɗaya, a tambayi kowacce, a kuma yi maganar da ba a son yi: idan maigida ya riga ta, a wannan garin za ta iya ci gaba da zama? Idan akwai yara 'yan makaranta, karatunsu yana iya ɗage tashin shekara uku ko huɗu, kuma ɗagewar ba asara ba ce. Mace mai ritaya ita ma tana da wannan shawarar da mijinta da 'ya'yanta, musamman idan fanshonta ne ke riƙe da rabin gidan.

Mataki na huɗu: auna birni, mahaifa da abin da ke tsakaninsu

Zama a birnin da aka yi aiki yana da daɗi ga wanda ya mallaki gidansa. Ga mai haya kuwa, musamman a Abuja ko Legas inda ake biyan shekara a dunƙule, fansho ba kasafai yake ɗauka ba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin zirga-zirga kaɗai ya isa ya cinye kaso mai yawa. Wanda yake da gida a irin waɗannan birane yana da wata dabara mai kyau: ya sa 'yan haya a ciki, ya koma gari mai sauƙin rayuwa, hayar ta zama fansho na biyu.

Komawa mahaifa shi ne burin mafi yawan mutanenmu, kuma yana da hujja: abinci da sauƙi, ga gona, ga dangi, ga masallacin da aka taso a ciki. Sai dai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abokan da aka yi ƙuruciya da su wasu sun rasu, wasu rayuwa ta raba tunaninku, gonar gado kuma wataƙila ƙani ya shekara ashirin yana noma ta har ya ɗauke ta tasa. Akwai kuma wani kashe kuɗi da ba ya shiga lissafin kowa. Da safe, kafin a gama karin kumallo, za a yi sallama a zaure: "Yaya, yaron nan ne ya kwana da zazzaɓi," ko "Baba Alhaji, takin nan ne har yanzu ban samu ba." Ba za ka iya cewa babu ba, domin a idonsu kai ne wanda ya dawo daga Abuja da giratuti. Wanda zai koma gida ya ware wa wannan wani adadi a kowane wata tun farko, ya kuma san inda zai tsaya. A yankunan da ake satar mutane, wannan kallon da ake yi wa ɗan fansho a matsayin mai kuɗi hatsari ne na gaske, kuma ya isa dalilin fasa komawa har abubuwa su daidaita.

A ganina, abin da ya fi dacewa da mafi yawan mutane shi ne matsakaicin gari mai nisan awa ɗaya ko biyu daga mahaifa: irin Zariya, Dutse, Azare, Haɗeja, Funtuwa, Daura ko Gombe, gwargwadon inda mutum ya fito. Akwai babban asibiti, akwai banki, haya da fuloti ba su kai na Kano ko Abuja ba, kuma ana iya zuwa suna ko jana'iza a ƙauye a dawo a yini. A duba yanayi ma. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, zafinta da sauƙi, amma sanyin hunturunta yana wahalar da mai ciwon gaɓoɓi ko asma, yayin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40 a watan Afrilu, abin da ke nufin sai an tanadi sola mai ɗaukar fanka da firjin ajiye magani. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Maiduguri a watan Satumbar 2024 kuma ta isa ta sa kowa ya tambayi tarihin ruwa a unguwa kafin ya sayi fili.

Mataki na biyar: idan zuciya ta karkata ƙasar waje

A nan ne ake buƙatar lissafi mai sanyi, domin fanshon wanda ya yi aiki a Najeriya da naira ake biyan sa, shi kuwa zai riƙa kashe riyal ko dirhami ko sefa. A ɗauki misalin mai karɓar naira 150,000 a wata. A farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, kuɗinsa sun haura dala 320. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, sai kuɗin nan suka koma dala 100 ko ƙasa da haka, ba tare da an rage masa ko kwabo ba. Riyal na Saudiyya da dirhamin Daular Larabawa a ɗaure suke da dala, sefa kuma a ɗaure take da yuro, don haka duk faɗuwar naira kai tsaye take taɓa tukunyar wanda ke zaune a can. Ƙa'idar da zan ba kowa ita ce ya lissafa kuɗin zaman ƙasar da yake so, ya ɗauka naira ta sake rasa rabin darajarta, ya ga ko zai iya. Idan ba zai iya ba, to ziyara ce ta dace da shi, ba ƙaura ba.

Saudiyya ce ta fi kowace ƙasa jan zuciyar dattawanmu, saboda burin ƙarasa rayuwa a Makka ko Madina. Amma bizar Umara ko ta yawon buɗe ido ba izinin zama ba ce, kuma wanda ya wuce wa'adinsa ya zama ɗan takari, yana ɓuya, ba ya iya kama haya da sunansa, ba ya zuwa asibiti da kwanciyar hankali, ƙarshensa kamu da tara da kora da hana dawowa. Dattijo mai ciwon suga ba zai iya wannan rayuwar ba. Igama ta yau da kullum, wato takardar izinin zama a Saudiyya, tana rataye ne da aiki ko da wani ɗan uwa mai izinin zama da ya ɗauki nauyinka. Akwai izinin zama na musamman da aka fara bayarwa a 2019 ba tare da kafili, wato mai ɗaukar nauyi, ba, amma an sa masa riyal 800,000 na dindindin, ko riyal 100,000 a kowace shekara. Riyal 100,000 ya haura dala 26,000, wato kusan naira miliyan 40 idan dala tana 1,500, kuma wannan kuɗin takarda ne kawai, ba a yi maganar haya da abinci da inshora ba. Ga mafi yawan 'yan fansho, Umarar azumi duk lokacin da hali ya yi ta fi kusa da abin da aljihu zai ɗauka.

Daular Larabawa tana ba wanda ya kai shekara 55 bizar ritaya ta shekara biyar da ake sabuntawa, bisa sharaɗin ya nuna kadara ko ajiya ta dirhami miliyan ɗaya, ko kuɗin shiga mai kauri a kowane wata. Maleshiya tana da shirinta na zaman baƙi tun 2002, amma ta tsaurara sharuɗɗansa a 2021 ta kuma sake sauya su daga baya, abin da ke nuna cewa ƙasar da ta buɗe ƙofa yau tana iya ƙara kuɗin shiga gobe, bayan ka riga ka sayar da gidanka.

Bin 'ya'ya zuwa Turai ko Amurka wani babi ne. Ingila tana ba baƙo wata shida ne kawai a ziyara, kuma bizar ɗauko iyaye su zauna dindindin tana daga cikin mafi wuyar samu, domin sai an nuna cewa tsohon yana buƙatar kulawar da ba za a same ta a ƙasarsa ba. A Amurka, ɗan da ya zama ɗan ƙasa kuma ya kai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa izinin zama, sai dai sabon zuwa ba ya shiga inshorar tsofaffi ta gwamnati sai ya shekara biyar, kuɗin asibiti a can kuwa yana iya rusa gida. Kanada tana da biza ta musamman ga iyaye da kakanni mai ba da damar zama har shekara biyar a shiga ɗaya, da sharaɗin sayen inshorar lafiya. Dokokin biza suna sauyawa sosai, don haka a karanta su a shafin ofishin jakadancin ƙasar, ba a bakin dillalin biza ba. Bayan takardu kuma akwai kaɗaici: 'ya'ya sun fita aiki tun asuba, jikoki suna makaranta, ba majalisa, ba kiran salla, ga sanyi. Dattawa da yawa da suka je da niyyar zama, wata uku suke yi su fara tambayar ranar jirgi.

Ƙasashen maƙwabta sun fi sauƙi ta fuskar harshe da al'ada. Bakatsine a Maraɗi ko Badauri a Damagaram bai bar gida ba, haka wanda ya sauka a Nima ko Sabon Zango a Ankara ta Gana, ko zangon Kumasi, zai yi ciniki da Hausa ya yi salla a bayan limami Bahaushe. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90. Abin da ya wuce haka sai da izinin zama. A Gana baƙo ba ya mallakar ƙasa dindindin, iyakarsa hayar shekara 50. Siyasa kuma tana iya juyawa a dare ɗaya: bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar har zuwa Maris na 2024, Nijar ta kuma fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta yi haka a 1983, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma ya tarwatsa iyalan da suka yi zamani a can. Duk wanda zai zauna a wata ƙasa ya bar wa kansa ɗakin da zai dawo ya shiga a gida.

Wanda ya yi aikinsa a waje yana son dawowa gida, lissafinsa a juye yake, domin fam ko dala tana yalwata a nan. Amma ya sani cewa fanshon gwamnatin Ingila ba a yi masa ƙarin shekara-shekara ga mazaunin Najeriya, inshorar tsofaffi ta Amurka ba ta biyan magani a wajen Amurka, kuma izinin zaman dindindin na Ingila yana faɗuwa idan mutum ya shekara biyu a waje, sai dai in ya riga ya karɓi fasfon ƙasar.

Mataki na shida: gwaji kafin ƙaura

Zuwa da kai ya fi saƙo. Idan jerin ya ragu zuwa gari ɗaya ko biyu, ka kama haya, ka zauna da iyali, ba hutun salla ba lokacin da kowa ke nan ana ta girki. Ka ga bazara, ka ga damina, ka rubuta abin da kake kashewa a kowane mako, ka lura da awa nawa ake samun wuta, ka ga ko rijiyar burtsatsen unguwar tana ƙafewa a watan Afrilu, ka ga wanda ke leƙo ka idan ba a gan ka a masallaci ba. Shekara guda ta haya ta fi arha nesa ba kusa ba a kan gina gidan da za ka gudu ka bari.

Mataki na bakwai: gida da takardu

Idan gwajin ya yi, sai a sayi fili ko gida, kuma kada shaidar mai unguwa da dillali ta wadatar da kai. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, don haka a bincika fulotin a hukumar filaye, irin KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a kuma sa lauya ya rubuta cinikin. Idan filin gado ne, a raba gadon a rubuce gaban shaidu kafin a aza bulo ɗaya. Ginin ya zama na ƙasa ba bene ba, banɗaki a cikin ɗaki da abin zama da maƙalin dafawa, ƙofofi masu faɗin da keken guragu zai shiga, tayil marar santsi, da ɗaki guda na wanda zai yi jinya wata rana. Kada giratuti duka ta tafi a gini. A bar abin da zai riƙe gida aƙalla shekara guda a ajiye.

Kafin tashi, ka sanar da kamfanin fanshonka da bankinka sabon adireshi, ka sabunta sunan magajin da ke cikin fayil, ka riƙe layin wayar da ke haɗe da asusunka yana aiki, musamman idan waje za ka, domin ta nan saƙon banki ke zuwa. 'Yan tsohon tsarin fansho na tarayya da hukumar PTAD ke biya suna iya tabbatar da cewa suna raye ta waya ko kwamfuta, amma wasu jihohi har yanzu suna kiran tantancewa ido da ido, don haka mai shirin zama nesa ya sa kuɗin wannan tafiya a kasafinsa. Ka karɓi kwafin fayil ɗinka na asibiti da sunayen magungunanka. Ka rubuta dukiyarka da basussukanka da wasiyyarka, ka ajiye kwafi a hannun amintattu biyu, idan kuma kana da kadara a wata ƙasa ka tambayi lauyan can yadda dokarsu ke raba gado, domin ba lalle ta bi rabon Musulunci ba. Tsohon gidanka kuma a sa masa 'yan haya da yarjejeniyar shekara-shekara, kada a sayar da shi sai ka cika shekara biyu a sabon wuri.